Mikin Mai Ciwon Suga: Abin da Ke Hana Shi Warkewa da Yadda Ake Jinyarsa

Yawancin mikin da ke kai mai ciwon suga ga rasa yatsa ko ƙafa, in aka bi sawunsa za a tarar abin da ya fara shi bai taka kara ya karya ba. Faso ne na hunturu da ya tsage har ya yi jini, ko bororon da sabon takalmin sallah ya tayar, ko ƙaya a gona, ko salansar babur da ta lashi ƙwauri a cunkoson Wunti cikin Bauchi, ko rezar mai yankan farce da ta ɗan zarce. Ga mai lafiya, kafin kwana 10 an manta da shi. Ga wanda ya shekara goma yana fama da suga, bayan wata uku sai ka ga ya zama gyambo mai wari, iyali na yawo da shi tsakanin kemis da mai maganin gargajiya, kowa bakinsa tambaya ɗaya: me za a sa masa?

Tambayar ba laifi ba ce, sai dai ita ce ta ƙarshe a muhimmanci. Abubuwa huɗu ne ke riƙe irin wannan miki: suga da ya hau, jini da ba ya isa ƙafar, nauyin jiki da ake ɗora masa kullum, da ruɓa ko mataccen nama da ke kwance a ciki. In aka bar ko guda ɗaya a cikinsu, a sayo maganin shafawa mafi tsada a garin Bauchi, haka mikin zai zauna yana kallon mutane.

Suga in ya daɗe yana yawa a jini, yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma daga yatsu yake farawa. Da farko mutum zai ce tafin ƙafarsa na yi masa zafi da dare kamar ya taka barkono, ko yana jin tafiyar kiyashi, ko in yana tafiya kamar katifa yake takawa. Daga baya sai jin ya ɗauke. Shi ya sa dattijo zai wuni da ƙusa a takalmi, sai da yamma jika ya ga jini a safa. Akwai waɗanda ɓera ke gwaigwayar yatsunsu suna barci, akwai masu miƙa ƙafa ga kaskon wuta a watan Janairu su ƙone ba su sani ba. A Maris da Afrilu kuwa, simintin harabar masallaci da azahar ya isa ya tayar da bororo tsakanin inda aka tuɓe takalmi da sahu. Saboda haka in mai suga ya ce "ai ba ya yi mini ciwo", kada hankalin kowa ya kwanta. Wanda ba ya ciwon shi ya fi zama abin tsoro, domin mai shi zai ci gaba da taka shi.

Ana iya gwada jin ƙafa a gida. Mara lafiya ya kwanta ya rufe ido, wani ya ɗora kan ɗan yatsansa a hankali, ba dannawa ba sosawa, a kan babban yatsan ƙafa, da na tsakiya, da ƙaramin, kamar daƙiƙa 1 zuwa 2 kowanne. Ƙafa biyu, wuri shida ke nan. In ya kasa jin wuri biyu ko fiye, ƙafar nan ta daina kare kanta. A asibiti da wani siririn zaren roba ake wannan gwaji, wanda ke lanƙwashewa in ya kai nauyin giram 10.

Ƙafar da jini ba ya isarta ma tana da alamunta. Za a ji ta da sanyi, fatar na sheƙi, gashin ya kakkaɓe, sharaɓa na ciwo in an ɗan yi tafiya ta lafa in an tsaya, wani kuma da dare sai ya sauko da ƙafar daga gado yake samun sauƙi. Ana laluben bugun jini a wuri biyu: saman ƙafa a layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan idon sawu ta ciki. In duka biyun ba a ji komai ba, wannan miki ba na jinyar gida ba ne, sai an auna gudun jinin da na'ura. Irin wannan ƙafa ba a ɗaure ta tamau, ba a gasa ta da ruwan zafi. Mai shan taba kuma ya sani kowane kara ƙara matse hanyar jinin yake yi.

Sai maganar nauyi, wadda a ganina ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sabon naman da ke tsirowa a gindin miki laushi gare shi ƙwarai. Mutum mai kilo 70 in ya taka, wannan nauyin ne ke sauka a kan wurin da bai fi faɗin kwabo ba. Naman da jiki ya kwana yana ginawa, zuwa masallaci ɗaya da dawowa ya isa ya murƙushe shi. Shi ya sa za a ga ana wanki kullum, ana shan magani, suga ma ya sauka, amma mikin tafin ƙafa na nan inda yake, gefensa ya yi kanta mai kauri kamar bakin rijiya. Kantar nan ita ce shaidar ana takawa, ko da mara lafiya ya rantse ba ya fita.

Hanya mafi inganci ita ce simintin asibiti da ake naɗe ƙafar da shi har kusa da gwiwa, ya raba nauyin a duk faɗinta, a riƙa cire shi ana dubawa ana sakewa kamar mako-mako. Babban amfaninsa shi ne mara lafiya ba zai iya cire shi da kansa ba. Amma ba a sa shi a kan miki mai ruɓa sosai ko ƙafar da jini ya yi wa ƙaranci, kuma sai hannun da ya ƙware. Inda babu wannan, sai sandunan dogarawa ko keken guragu, da takalmi mai faɗi wanda aka shimfiɗa wa soso mai ƙarfi a ciki, aka fafe daidai inda mikin yake don ya zauna a sarari. A kai banɗaki kusa, ko a ajiye fo a ɗaki, domin a fitar dare ne aka fi takawa ba takalmi. Wanda ke kwance kuwa, dunduniya ce ke cin wuya: a sa matashi ƙarƙashin sharaɓa yadda dunduniyar za ta yi reto ba ta taɓa katifa ba, a riƙa juya shi duk bayan awa 2. Masu zaman tabarma su lura da idon sawu na waje, nan ma zama kan haƙa miki.

Na san abin da za a ce: magidanci mai shago a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ya zai yi ya zauna wata biyu? Gaskiya ne, akwai wuya. Sai dai a zauna a yi lissafi da iyali tun wuri, a san wanda zai riƙe shagon, domin jinyar yanke ƙafa ta fi wata biyu nesa ba kusa ba.

Wankin miki kansa ba ya buƙatar kaya da yawa: ruwan gishiri na asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, ƙyallen asibiti mai raga-raga da ake kira goz, sirinji mai cin mil 20 ba tare da allura ba, safar hannu, bandeji, da almakashi mai tsabta. In ruwan asibiti ya yanke, ana haɗawa a gida: lita ɗaya ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu, da gishiri giram 9, kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe. A tafasa minti 10 a tukunya mai murfi, a bari ya huce, a zuba a kwalbar da aka dafa. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Kada a ƙara gishirin wai don ya fi ƙarfi, in ya yi yawa ƙona sabon nama yake yi.

Mai wanki ya wanke hannu da sabulu, ya sa safa. Tsohon goz in ya manne, a jiƙa shi da ruwan gishirin a jira minti kaɗan, kada a fizge, domin abin da ke biyo shi yana jini shi ne naman da ake jira. A dubi abin da aka cire kafin a jefar: yawan ruwan, launinsa, warinsa. Sai a zuƙi ruwa a sirinji a fesa cikin mikin sau uku ko huɗu har dattin ya fita. A goge daga tsakiya zuwa waje, kowane goz shafa ɗaya a yar da shi. Auduga ba ta shiga cikin miki, zarenta na maƙalewa. A tsane fatar gefe ta bushe sarai. Cikin mikin kuma a shimfiɗa goz mai basilin, ko wanda aka jiƙa da ruwan gishiri aka matse, a ɗora busasshe a sama, a naɗe da bandeji daga wajen yatsu zuwa sama, sakwa-sakwa yadda ɗan yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. In mikin na kusa da yatsu, a raba tsakaninsu da goz don kada su jiƙe su ruɓe. In rami ne mai zurfi, ba a cusa goz a danna kamar ana ɗura buhu, kuma a ƙirga guda nawa aka sa don a cire su cif. Sau ɗaya a rana ya isa, sai in ruwa na ɓullowa ta bayan bandejin, to sau biyu.

Mutane da yawa na so su ga miki ya bushe ya yi ɓawo, har su kwance shi wai ya sha iska. Miki ya fi saurin haɗewa in cikinsa na da danshi kaɗan, gefensa kuma a bushe. In fatar gefe ta yi fari ta yamushe kamar hannun mai wanki, danshin ya yi yawa, a rage jiƙawa a ƙara yawan canji. Barinsa a buɗe kuma gayyatar ƙuda ne, ga ƙurar hunturu.

Abubuwan da ake zuba wa miki a gidajenmu suna da yawa, kuma mafi yawansu ɓarna suke yi. Sifirit, haidirojin, Dettol da Izal suna kashe ƙwayoyin cuta, amma tare da sabon nama suke kashewa, ba a wankin kullum da su. Jibi, shuɗin maganin nan da ake shafa wa miki, na rina wurin ya ɓoye launinsa, likita ya kasa gane abin da ke ciki. Fasa kafso a barbaɗa garin ba ya kai magani inda ruɓar take, sai dai ya daskare ya toshe wa mugunya hanya. Toka, kanwa, baƙin mai, man goge baki, garin sassaƙe, duk wannan zuba datti ne a buɗaɗɗen nama. Jiƙa ƙafa a bahon ruwan ɗumi ma a daina, yana laushe fata ya buɗe wa cuta hanya, ga mai ƙafar ba ya jin in ruwan ya yi zafi. Aidin da aka sirka yana da wurinsa a miki mai ruɓa, na ɗan lokaci, bisa umarnin malaman jinya.

Zuma fa? Ana amfani da ita a asibitocinmu wajen wankin miki, tana rage wari, tana taimakawa wajen ɗaga ruɓaɓɓen nama, ga arha. Amma ba ta buɗe jijiyar da ta toshe, ba ta kai wa ƙashi magani, kuma ta bakin titi sau da yawa dafaffen suga ce aka haɗa. In za a yi da ita, a bari masu duba mikin su ce a yi. Shan ta kuma wai don miki ya warke, suga kawai zai hau.

Launin cikin miki na ba da labari. Ja mai tsiro-tsiro kamar cikin kankana, nama ne mai rai, a lallaɓa shi. Rawaya ko fari mai yauƙi kamar kitse, matacce ne, dole a cire shi, haka ma kantar gefe. Wannan aikin wuƙar asibiti ne, ba na reza ko askar wanzami ba, kuma akan yi shi fiye da sau ɗaya. Bayan an yi, mikin zai ƙara faɗi, kada a tsorata, girmansa na gaskiya ne ya fito. Baƙin ɓawo busasshe a dunduniya ko yatsan da ya bushe ya yi baƙi, shi kuma ba a jiƙa shi ba a ɓamɓare shi, a bar shi a bushe a kai asibiti.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ke ganin miki kullum ba ya gane ƙaruwarsa. A ware rana ɗaya a mako a auna tsawo da faɗi da rula, a rubuta, a ɗauki hoto da waya rular na gefe. Mikin da ya fara da santimita 4 a tsawo da 3 a faɗi, 12 ke nan in an ninka. Bayan mako 4 na jinya mai kyau, ana sa ran lissafin ya dawo kusan 6 ko ƙasa. In bai kama hanyar haka ba, akwai abin da aka bari a cikin huɗun nan, kuma sau da yawa takawa ce ko ruɓa ta kai ƙashi.

Gane ruɓa a baƙar fata sai da lura, domin jan da ake faɗa ba ya fitowa sosai. Wurin zai ƙara duhu ya yi sheƙi, ya kumbura, in aka taɓa da bayan hannu aka kwatanta da ɗaya ƙafar a ji ya fi zafi. A zagaye iyakar kumburin da biro. In ya wuce santimita 2 daga bakin mikin, ko washegari ya tsallake zanen, a tafi asibiti a ranar. Haka in aka ga mugunya mai wari, kaluluwa a matsematsi, yatsa ya fara baƙi, zazzaɓi da rawar ɗari, amai, ruɗewa, ko suga ya yi tashin gwauron zabi ba a canza abinci ba. A kuma sani mai suga na iya ɗauke da mummunar ruɓa jikinsa bai yi zafi ba.

A nan ne ake yawan cewa "daji ne, ba ya son allura, ba ya son ƙarfe", ko a ce sammu ya taka. Ƙwayoyin cuta ne ke bin jijiyoyin tafin ƙafa suna hawa sama, kuma kwana biyu zuwa uku sun ishe su cinye ƙafar da aka yi wata ana lallaɓawa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, asibitin tarayya na Azare, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe duk suna da likitocin tiyata da na ƙashi. Tsoron "za su yanke" shi ke sa a ɓoye mara lafiya a ɗaki, alhali jinkirin ne ke mayar da aikin tsaga da wanki ya zama na yatsa, na yatsa ya zama na gwiwa. A can za a zura ɗan ƙarfe mai tsabta a ji ko ya taɓa ƙashi, a yi hoton ƙashi, a ɗebi nama daga gindin mikin a gano irin ƙwayar cutar. Hoton na iya fita lafiya a makonni biyu zuwa uku na farko ko da ƙashin ya kamu, shi ya sa ake maimaitawa. Ruɓar fata kan ɗauki magani na mako 1 zuwa 2, ta ƙashi kan kai mako 6. Mikin da babu ruɓa a cikinsa kuwa ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, shan sa barkatai daga kemis juriya kawai yake koya musu. A tambayi allurar rigakafin tetanus, musamman in ƙusa ko ƙaya ce.

Akwai wani abu da ake ɗauka targaɗe ne. Ƙafar mai suga ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, babu miki, ciwon kuma kaɗan. Ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ne ke iya farfashewa a hankali saboda mutuwar jijiyoyi. Kai ta wajen mai ɗori a murza a ɗaure da kara na iya rusa ta gaba ɗaya. A daina takawa nan take, a yi hoto. Hannu ma ba a bar shi a baya ba: ɗan karkare, ko sukar ƙayar kifi a yatsan uwargida mai suga, na iya kumbura hannu har gwiwa cikin 'yan kwanaki.

Awon suga da safe kafin a ci komai ana so ya zauna tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa 2 kuma ƙasa da 180. Wasu na'urorin da ƙananan lambobi suke nunawa, irin su 7 ko 10, sai a ninka da 18 a samu wancan lissafin. Ruɓa na tayar da suga, suga kuma na raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar ruɓa, don haka sau da yawa ƙwayoyin da aka saba sha ba sa isa, likita ya mayar da mutum kan allurar insulin. Wannan ba ya nufin ciwo ya zo ƙarshe, da yawa suna komawa ƙwaya bayan miki ya warke. Insulin ba ya son zafi kuma ba ya son ƙanƙara. Inda babu firji mai tabbas, a sa kwalbar a leda a ɗaure a ajiye jikin randa ko cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, wadda aka fara amfani da ita kuma kada ta wuce mako 4. In awo ya sauka ƙasa da 70, ko aka ga gumi da karkarwa, a ba shi sugan ƙwaya uku a sake awo bayan minti 15. A guji haɗe-haɗen maganin ciwon gaɓoɓi da na ƙara ƙiba, domin akan sa musu sinadarin da ke tayar da suga ya kuma hana miki haɗewa.

Kada a horar da mara lafiya da yunwa. Nama ake so jiki ya gina, kuma da ƙwai, kifi, wake, awara, nono marar suga da nama yake ginawa, sai fa mai ciwon ƙoda, shi likita ne zai yanka masa adadi. Tuwo, ko na alkama ne ko na acca, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunsa, miyar ganye ta fi yawa. Masa da kunu mai suga da lemon kwalba su dakata tukuna.

Alwala ba ta wajabta jiƙa miki ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan bandeji, da taimama in ruwa zai cutar, da sallah a zaune ga wanda lanƙwasa yatsu a sujada zai matse masa miki. Azumi ma, mai ruɓaɓɓen miki da suga marar daidaito ya tuntuɓi likita da malaminsa kafin ya ɗauka.

Ranar da miki ya rufe, fatar da ta rufe shi siririya ce, kuma kusan 4 cikin 10 na masu irin wannan miki yakan dawo musu cikin shekara guda. A koma tafiya kaɗan-kaɗan. Kowane dare a duba tafin ƙafa da madubi, ko wani ya duba in ido ya yi rauni. Bayan kowace alwala a tsane tsakanin yatsu. A shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya tun kafin hunturu ya kankama, ban da tsakanin yatsu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Farce a yanke shi a miƙe, ba a bin kusurwa. Takalmi a saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mai rufi da faɗin baki, a fara sa shi awa ɗaya ko biyu a rana ana dubawa, kuma a zura hannu a kakkaɓe shi kafin a sa. Silifas mai igiya tsakanin yatsu na cin wurin a hankali. Safa fara ta fi, domin ɗigon jini ko ruwa nan da nan zai nuna. Mata kuma su haƙura da lalle a yatsu da tafin ƙafar da ta taɓa yin miki, musamman baƙin, saboda yana rufe canjin launin da ake nema a gani da wuri.